Darasi: Auna taragon OO kafin ka yarda da sunan da ke jikin kwali

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba za mu kunna komai ba, aikin awo ne. Ga taragai uku a kan tebur, biyu na kwal ɗaya na fasinja, duk ƙananan samfura ne na kwaikwayon jiragen ƙasan Birtaniya a ma'aunin da ake kira OO. Ku ɗauko ma'auninku na dijital mai muƙamuƙi, da ɗan guntun layi miƙaƙƙe, da mararraba ɗaya. Shi ke nan kayan aikin.

Gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu wannan sha'awa ita ce wane kamfani ya fi, Hornby ko Bachmann, ko kuwa sababbin shigowa irin su Accurascale da Rapido. Ni a ganina tambayar ce ba ta zauna daidai ba. Kamfani ɗaya yana iya sayar maka da tarago daga mazubin da aka sassaƙa bara, ya kuma sayar maka da wani daga mazubin da ya girmi yawancin masu kallon nan, duk da tambari iri ɗaya. Abin tambaya shi ne wane mazubi, kuma me ma'auni ya ce.

Lissafin OO kun san shi, milimita 4 a madadin ƙafa ɗaya, wato kashi 1 cikin 76.2. Duk tsawon da kuka samu na jirgin gaske a ƙafa, ku ninka da huɗu. Sai dai tun kafin mu taɓa tarago, layin kansa ba daidai yake ba. Faɗin layin dogo na Birtaniya milimita 1435 ne, idan ka raba da 76.2 za ka samu 18.83, amma layin OO milimita 16.5 ne, aron layin wani ma'auni da ake kira HO, wanda yake 1 cikin 87. Dalili kuwa, jiragen Birtaniya ƙanana ne a jiki, kuma ƙananan injinan lantarki na shekarun 1930 ba sa shiga cikinsu a ma'aunin HO, sai aka ƙara girman jiki aka bar layi yadda yake. Jerin samfuran Hornby Dublo da ya fito a 1938 shi ya kafa abin. Saboda haka wanda yake ɗaga murya a kan ƙusa ɗaya da ta ɓace a jikin tarago, alhali tayoyinsa sun matse ciki da fiye da milimita biyu, sai a ce ya ɗan sassauta. Masu son gyara wannan su ne ke komawa layin EM mai faɗin milimita 18.2 ko na P4 mai 18.83, kuma wannan aikin sake tayoyi ne kaf da shimfiɗa layi da hannu.

Ga masu tambayar tsohon layinmu na Legas zuwa Kano, faɗinsa milimita 1067 ne. Idan za ka kwaikwaye shi a HO, layi mai milimita 12 ne ya fi kusa, idan kuma kana son amfani da layin 16.5 to sai ka hau ma'aunin 1 cikin 64. To, mu koma kan tebur.

Ga na farko, taragon kwal na ƙarfe mai ɗaukar tan 16, wanda hukumar jiragen ƙasan Birtaniya ta ƙera sama da dubu 200 a fasali guda kawai. Tsawon firam ɗinsa ƙafa 16 da inci 6, tsakanin aksul da aksul ƙafa 9. Mu ninka, tsawo milimita 66, tazarar tayoyi 36. Ku kifa shi. Kada ku auna daga bakin taya, daga tsakiyar aksul zuwa tsakiyar ɗayan za ku ɗauka. Hanya mafi sauƙi, ku ɗora muƙamuƙin ma'auni a gefen hagu na wannan aksul da gefen hagu na wancan, lissafin ɗaya ne. Wannan ya ba ni 36. Tsawon firam, ban da matokaran nan na gaba da baya, 66. Madalla.

Na biyun fa, fenti iri ɗaya, toka-toka, da farin layin nan a karkace mai nuna ɓangaren da ƙofar ƙarshe take. Tazarar tayoyi 40. Tsawo kusan 70. Abin da ya faru, a da kamfanoni suna da firam guda na ƙafa 10 da suke ɗora wa kowane irin jiki, na kwal, na shanu, na kayan masarufi, sai a ja jikin ya cika firam ɗin. Shi kaɗai a kan layi ba za ka lura ba. Jera shi kusa da na farko, nan take ido zai kama. Akwai 'yan kaɗan na gaske da aka sake wa jiki a shekarun 1970 a kan firam mai ƙafa 10, to amma wannan ba hujja ba ce ga taragon da aka yi wa lamba da fentin shekarun 1950.

Tunda yana kife, ku dubi takalman birki. A mai kyau, takalmin yana daidai da fuskar taya, kamar zai kama ta. A tsohon zubi an haɗe shi da bangon firam, can waje, yana kama iska. Sannan launi ba ado ba ne. Toka-toka na nufin birkin hannu kawai gare shi, jan ƙasa kuma na nufin yana da birki mai aiki da zuƙe iska, wato vacuum, da direba ke sarrafawa daga kan jirgi. Idan ka ga tarago ja amma babu tukunyar birki a ƙarƙashinsa, babu bututu a ƙarshensa, fenti kawai aka sauya aka ƙara kuɗi.

Yanzu abin da ya fi kowanne muhimmanci, don shi ke sa tarago ya sauka daga layi, tazarar bayan taya da bayan taya. A OO ana neman milimita 14.5, ko 14.4 ma ya yi. Ku sa ƙananan muƙamuƙan sama na ma'auni, na auna ciki, tsakanin bayan tayoyin biyu. Kada ku danna, tayar tana iya zamewa a kan aksul ta ba ku lambar ƙarya. Ku auna, ku juya taya kwata, ku sake, har sau uku ko huɗu. Idan lambar tana canzawa, tayar a karkace take zaune, kuma wannan wata matsala ce daban.

Me ya sa rabin milimita ke da tasiri haka? Ku kalli mararraba. A wurin da ƙarafa biyu ke haɗuwa su yi tsini akwai giɓi, kuma a ɗaya gefen akwai ɗan guntun ƙarfe na tsaro da ke riƙe bayan leɓen taya don ya janye 'yar uwarta daga tsinin. Idan tazarar ta yi faɗi, a ce 14.9, ƙarfen tsaro bai kama komai ba, leɓen ɗaya tayar sai ya daki tsinin ko ya bi hanyar da ba tasa ba. Idan ta yi ƙunci, a ce 14.0, bayan tayoyin biyu sai su matse ƙarafan ciki, taragon ya yi tsalle ko ya cije. Ku tura shi da yatsa a hankali ku ji. Kun ji wannan ƙas ɗin? Wannan ƙunci ne, 14.1 yake.

Gyaransa, ku ɗan buɗe bangon firam da farce ku zare aksul ɗin. Ku nemo tayar da ke da zoben roba a tsakiya, ita ce ke motsi. Ku riƙe ɗayar, ku murɗa wannan kuna ja kaɗan kaɗan. Murɗawa, ba fizga ba, kuma ban da filaya, tana cin leɓen taya. Idan kuna da ɗan ƙarfen awo na 14.5 ku cusa shi tsakani, ya shiga da ɗan tauri ba tare da ya ture tayoyin ba. Idan tayar ta saki da yawa, ɗigon gam mai kama nan take a bakin allura, a bayan taya, ya wadatar. Bari in sake aunawa, 14.6, a'a ya ɗan wuce, mu mayar kaɗan. To, 14.5.

Idan za ku sauya tayoyin roba da na ƙarfe, kuma ina ba da shawarar haka don roba tana tara datti, na taragon kaya milimita 12.5 ko 12.6 ne, na fasinja 14. Ku auna tsawon aksul kafin ku saya. Yawanci 26 ne, amma na tsofaffin samfuran kamfanin Lima ya fi guntu, na 26 ba zai juya a ciki ba. Su kuma waɗannan tsofaffin tayoyin leɓensu dogo ne. A kan layi mai lamba 100, wanda tsayin ƙarfensa milimita 2.5 ne, suna wucewa lafiya, amma a kan mai lamba 75, mai 1.9, za ku ji suna karo da maɗaurin ƙarfe, kar kar kar.

Maganar Lima ta kawo mu ga jerin Railroad na Hornby, wato samfuransa masu sauƙin kuɗi. Hornby ya sayi Lima a 2004, kuma wasu daga cikin kawunan dizal na Railroad daga mazuban Lima suke, an dai sauya musu injin lantarki. Mutane suna raina su, ni ban raina ba. Maƙallan hannu a jikin roba aka zuba su, ba waya aka soka ba, gilashin ya ɗan shige ciki, amma babu abin da zai karye idan yaro ya ɗauka, kuma siffar wasunsu tana nan daidai. Sababbin kuwa, ɗauki kan dizal samfurin Class 37 na Bachmann ko na Accurascale. An ƙera 309 na gaske tsakanin 1960 da 1965, na farko 119 akwatin lambarsu a rabe yake gida biyu a goshi, na bayansu guda ɗaya a tsakiya, kuma kamfanonin nan suna bin irin wannan bambanci lamba bayan lamba. Kuɗin da ka biya ke nan. Sai dai ka riƙa ɗaga shi ta tankin mai na ƙasa, don bututu da matakala kamar gashi suke.

Taragon fasinja da sauri. Wannan Mark 1 ne, jikinsa ƙafa 64 da rabi, wato milimita 258. Ku dubi bogi, firam ɗin da ke riƙe da tayoyi huɗu. Akwai BR1 na asali, akwai Commonwealth mai nauyi na zubin ƙarfe, akwai B4 na baya. Tarago mai fentin ja da ruwan madara, wanda aka daina a 1956, a kan B4, bai taɓa faruwa a zamaninsa ba. Idan kuma Mark 3 kuka samu na hannu, ku ƙirga manyan tagogi. Na gaske takwas ne, tsawonsa mita 23, kusan milimita 302. Tsohon na Hornby bakwai ne, an rage shi don ya iya kwana mai tsanani. Kuma dalilin yana da ƙarfi, a layukan kwana da ake sayarwa, kwana ta farko milimita 371 ce kawai daga tsakiyar da'ira zuwa layi, ta biyu 438, kuma yawancin sababbin samfura ta biyu suke nema a ƙalla. Ku duba kwali kafin ku biya.

Akwai kuma taragan nan masu taya huɗu da shida da shagon Hattons ya fitar da sunan Genesis, Hornby ma ya yi nasa. Ba kwaikwayon wani tarago takamaimai ba ne, siffa ɗaya ce aka yi wa fentin kamfanonin jirgi daban daban na da. An yi ta cacar baki a kansu. Ni dai tunda an faɗa a fili cewa haka suke, ban ga laifi ba, wanda yake son ainihin na wani kamfani sai ya sayi kit, wato wanda ke zuwa gunduwa-gunduwa, ya haɗa da hannunsa.

Saura ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago. Aljihun da ake soka ta, mai bin ƙa'idar da ake kira NEM 362, yana da tsayin da aka ƙayyade, milimita 8.5 daga saman ƙarfen layi zuwa rufin aljihun ta ciki. Ba kowane samfuri ya bi wannan ba. Wasu Mark 1 na Bachmann na farko aljihunsu ya hau sama, shi ya sa suka zo da ƙugiya mai lanƙwasa da ke sauko da kai. Idan ka cire ta ka sa miƙaƙƙiya, ko ka sa ƙugiyar kamfanin Kadee mai lamba 17 zuwa 20, kan zai tsaya sama da na maƙwabcinsa, a kan ɗan tudu kaɗan su rabu. Ku ɗora taragai biyu a guntun layin nan, ku sunkuya idonku ya yi daidai da ƙarfe, ku gani ko sandunan ƙugiyoyin sun haɗu fuska da fuska. Idan ƙugiyar tana lilo a cikin aljihu, ku yanko siririn kati ku cusa a ƙarƙashin wutsiyarta, zai ɗaga ta.

Nauyi kuma, taragon taya huɗu ya kai giram 40 zuwa 50, kuma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne duk su zo kusa da juna. Mara nauyi a tsakiyar masu nauyi shi ake fara janyewa daga layi a kwana. Ku manna ƙarfe ko darma a ƙasa tsakanin aksul biyu, in darma ce ku wanke hannu bayan kun gama. Na kwal ɗin nan kuwa sai ku ɓoye nauyin a cikinsa ku rufe da lodin kwal. A darasi na gaba za mu yanke firam ɗin mai 40 mu mayar da shi 36, ku tanadi ƙaramin zarto mai ƙananan haƙora da gam ɗin roba. Sai mun haɗu.