Gara Tana Cinye Rumbu

Jama'a masu sauraro, kaka ta yi, an shigar da dami, kalangu ya fara tashi a ƙauyukanmu. Lokacin aure ke nan, kuma abin farin ciki ne. Amma ku leƙa kasuwa ranar da take ci. Cikin masu sauke buhunan gero da wake, a daidai lokacin da hatsi ya fi araha, za ku tarar da iyayen amare. Abincin shekara suke sayarwa don a yi kayan ɗaki da gara.

Me addini ya ɗora? Sadaki. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa wani sahabi ya nemo ko da zoben ƙarfe. Daga ina muka samo wajabcin gado da katifa da kujeru, da jeren kwalla har rufin ɗaki, sannan buhun shinkafa, jarkar man gyaɗa, alkaki da nakiya fanteka-fanteka? Uba ya ba da 'yarsa, kuma a ce sai ya ciyar da gidan da ta shiga!

Za a ce al'ada ce, fita kunya ce, kada dangin miji su raina yarinya. Haba jama'a! Wane raini ya kai uban amarya ya zo cin bashin kwanon gero a watan Agusta, ƙannenta na kwana da yunwa? Wani ma gonar gado yake jinginarwa. Gona fa, saboda bikin kwana uku.

Ban ce a daina kamu da sa lalle da buɗar kai ba. Waɗannan ba su taɓa rushe gida ba, su ne ma daɗin bikin. Rumbu nake magana a kai.

A 2023 gwamnatin Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 a auren gata, har da kayan ɗaki ta saya musu. Na yaba. Sai dai gwamnati ba za ta yi wa kowace 'yar ƙauye jere ba.

Dagatai da limamai, ku ake kira ɗaurin aure, kun san gidan da aka buɗe rumbu. Ku zauna da iyaye mata, tunda su ke ƙirga kwanuka ranar jere, ku yanka wa gara iyaka tun kafin a sa ranar auren bana.