Jini Ja Ne, To Me Ya Sa Jijiya Take Kama da Shuɗiya?

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Zainab, tare da Malam Kabiru da Aminu. Malam, tambayar yau yara ke yawan yin ta, amma manya ma suna tuntuɓe a kanta. Wai jinin da ke cikin jijiya shuɗi ne, sai ya fito ya sha iska sannan ya koma ja?

Malam Kabiru: Wa alaikumus salam. Ko kusa, Malama Zainab. Jinin ɗan Adam ja ne a ciki, ja ne a waje. Duk wanda aka taɓa ɗibar jininsa a asibiti ya ga shaida da idonsa. Nas ta ɗaure maka dantse, ta ce ka dunƙule hannu, ta soka allura, jinin ya wuce cikin sirinji ba tare da ya taɓa iska ba. Da wane launi yake fitowa?

Aminu: Ja, amma mai duhu. Kamar ya ɗan ciza.

Malam Kabiru: To ka ba kanka amsa.

Aminu: Amma Malam, littattafan makaranta fa? Ko'ina aka zana jikin mutum, jijiyoyin da ke fita daga zuciya ja, masu komawa shuɗi.

Malam Kabiru: Wannan dabarar masu zane ce don ɗalibi ya bambance hanyoyin biyu. Abin da ke damuna shi ne ba a cika gaya wa yaro cewa alama ce kawai ba, sai ya girma da ita a matsayin gaskiya. Ga asalin abin. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari, himoglobin. Ƙwaya ɗaya tak tana ɗauke da kusan miliyan 270 nasa, kuma kowanne yana da gurabe 4 masu ƙarfe a tsakiya, inda iskar oksijin ke maƙalewa. Idan jini ya ratsa huhu ya cika da oksijin, sai ya yi ja jawur. Idan ya sauke wa sassan jiki, sai jan ya yi duhu. Ba ma duka yake saukewa ba. Mutum na zaune yana hutawa, jinin da ke komawa zuciya yana riƙe da kusan kashi 75 cikin 100 na oksijin ɗin da zai iya ɗauka.

Zainab: To ni ga cikin wuyan hannuna nan, Malam. Ina ganin layi biyu, wani abu tsakanin shuɗi da kore. Idona ne ke yaudarata?

Malam Kabiru: Idonki da fatarki ne suka haɗa kai. Aminu, kunna fitilar wayarka ka danne ta da yatsa.

Aminu: Ikon Allah, yatsan ya yi jawur, har farcen yana haske.

Malam Kabiru: Hasken fitilar fari ne, launuka da yawa ne a haɗe cikinsa, amma ja ne kaɗai ya iya ratsa naman ya fito. Jan haske yana nutsewa cikin fata sosai, shuɗi kuwa a sama-sama yake watsewa ya dawo. To a daidai inda jijiya take, jan hasken yana isa gare ta, jinin ya shanye wani ɓangare nasa, sai jan da ke dawowa ido daga wurin ya ragu. Shuɗin da yawancinsa bai kai can ba ya dawo kusan yadda yake. Ƙwaƙwalwa ta kwatanta wannan layin da fatar da ke gefensa, ta ga ja ya yi ƙaranci, sai ta karanta shi a matsayin shuɗi. A 1996 wani masani, Alwin Kienle, da abokan aikinsa sun auna wannan, suka nuna cewa zurfin jijiyar da kaurinta suna da hannu a ciki.

Zainab: Shi ya sa ƙananan jijiyoyin farin ido suke ja kenan, tunda babu fata mai kauri da ta rufe su.

Malam Kabiru: Ƙwarai, haka yake.

Aminu: Ni kuwa nawa hannun ban ga shuɗi ba. Tudun jijiyar kawai nake gani.

Malam Kabiru: Nan ne nake so mu ɗan tsaya, don a wurina ya fi komai muhimmanci. Baƙar fata tana shanye haske da yawa tun daga sama, shi ya sa ƙwararriyar nas da yatsa take laluben jijiya, ba ta dogara da ido. Kuma alamomin da littattafan likitanci suka daɗe suna koyarwa, yawancinsu a kan farar fata aka siffanta su. Ana cewa wanda oksijin ya yi wa ƙaranci zai yi shuɗi. A jikin mai duhun fata sau da yawa ba za ka ga haka ba, sai ka duba harshe da dasashi da cikin leɓe, ka ga sun yi toka-toka. Ƙarancin jini ma haka, a ja fatar ido ta ƙasa a duba, a duba tafin hannu.

Zainab: Wannan 'yar na'urar da ake maƙala wa mutum a yatsa a asibiti don auna oksijin ɗin jini fa? Ita ai lamba take bayarwa.

Malam Kabiru: Ita ma da launin jini take aiki. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya samo dabararta a shekarun 1970. Tana tura haske iri biyu ta cikin yatsa, ja da wani wanda ido ba ya gani, ta lissafa yadda jinin ya shanye kowanne. Na'ura ce mai albarka, ta ceci rayuka. Amma a 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun gano cewa a cikin marasa lafiya baƙar fata, ta kasa nuna ƙarancin oksijin kusan sau 3 fiye da yadda take kasawa a farar fata. Wannan abu yana taɓa min zuciya, domin mutum na haki, lamba na cewa lafiya lau. Idan numfashi ya yi wuya, kada lambar ta hana kowa zuwa asibiti.

Aminu: Malam, to babu mai shuɗin jini ke nan a duniya?

Malam Kabiru: Akwai, amma ba mutum ba. Ƙaguwa da yawancin dodon koɗi jan ƙarfe ke ɗaukar musu oksijin, jininsu na yin shuɗi idan ya samu iska. A tsibirin Nu Gini da ke arewa da Ostireliya akwai ƙadangaru masu koren jini.

Zainab: A mutum kuma duk inda jini ya yi ja sosai, lafiya ce?

Malam Kabiru: Ba kullum ba, kuma a kula da wannan. Hayaƙin janareta ko garwashi a rufaffen ɗaki yana ɗauke da wata iska mai guba, ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama himoglobin fiye da yadda oksijin ke kamawa sau sama da 200, kuma jinin yakan yi ja jawur alhali jiki na shaƙewa. Na'urar yatsa ta yau da kullum ma ba ta bambance su. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamar, musamman idan sun kama mutanen ɗaki ɗaya lokaci guda. A fitar da kowa waje nan take, a garzaya asibiti.

Zainab: Allah ya tsare mu. Malam Kabiru, Aminu, mun gode. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba.