Mota Iri Ɗaya, Kambu Ɗaya: Yadda Gaba Ke Ƙulluwa a Tseren Formula 1

Ku dubi motocin nan guda biyu. Fentinsu ɗaya, ja da fari. Injinsu ɗaya, ƙirar Honda. Kamfanin McLaren ne ya ƙera su, shi ke biyan albashin mutanen da ke cikinsu. Amma ga su nan sun sarƙe da juna a tsakiyar titi, taya cikin taya, sun tsaya cik. Nan filin Suzuka ne a ƙasar Japan, shekarar 1989. Na gaba Alain Prost ne, Bafaranshe. Wanda ya kutso ta ciki kuma Ayrton Senna ne, ɗan Burazil. A lokacin ko magana ba sa yi wa juna.

Kafin mu koma kansu, bari in yi muku shimfiɗa kaɗan. An fara gasar duniya ta Formula 1 a 1950. Kowace ƙungiya tana shigo da motoci biyu da direbobi biyu. A tsarin da ake bi tun 2010, wanda ya zo na ɗaya yana kwasar maki 25, na biyu 18, na uku 15, haka ake ta sauka har na goma mai maki ɗaya. A ƙarshen shekara akwai kambu biyu, na direbobi da na ƙungiyoyi. Kuɗin da ake rabawa yana bin matsayin ƙungiya ne, don haka mai ƙungiya burinsa motocinsa biyu su dawo gida lafiya da maki. Direba kuwa sunansa yake so ya shiga tarihi. Tun daga nan aka samu saɓanin buƙata.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zafi. A wannan wasa mota tana da babban rabo a nasara. In direban wata ƙungiya ya wuce ka, kana da abin faɗa: injinsa ya fi naka ƙarfi, motarsa ta fi taka kama titi. To in wanda ya wuce ka abokin aikinka ne fa, mai mota irin taka sak? Babu inda za ka ɓuya. Injiniyoyi suna da bayanan kowane zagaye a kwamfuta, sun san inda ya taka birki da inda ka taka, sun san kwanar da ya fi ka zuciya. Shi ya sa a ganina gabar da ta fi ɗaci a Formula 1 ba ta zuwa daga nesa. Daga gareji ɗaya take tashi.

McLaren ta haɗa Prost da Senna a 1988. Prost ya riga ya ci kambu biyu, mutum ne mai lissafi, mai lallaɓa taya da mai, wanda ba ya gudun da ya wuce buƙata. Senna kuwa wuta ne, musamman ranar neman gurbin tashi, wato gwajin gudu da ke tantance inda kowa zai tsaya a layin farawa, da ranar da aka yi ruwan sama. A shekarar suka cinye tsere 15 cikin 16, Senna takwas, Prost bakwai. Ga abin mamakin: in aka tara makin shekara gaba ɗaya, Prost ke da 105, Senna 94. Amma dokar lokacin sakamako 11 mafi kyau kawai take ƙirgawa, sai aka tashi Senna 90, Prost 87. Kambu ya tafi Burazil. Ku tuna kuma Prost ɗin nan ya taɓa rasa kambu a 1984 da rabin maki kacal, a hannun wani abokin aikin nasa, Niki Lauda. Mutumin da aka yi wa haka sau biyu ba zai ƙara ɗaga ƙafa ba.

A 1989 aka fara da rigimar tseren Imola, a Italiya. Prost ya ce sun yi yarjejeniya cewa wanda ya riga tashi ba za a ƙalubalance shi a kwanar farko ba, kuma Senna ya saɓa. Senna ya ce ba haka ya fahimci maganar ba. Daga nan zumunci ya mutu. Da aka iso Suzuka, Prost na gaba da maki 16, Senna kuma dole ya ci tseren in yana son fatansa ya rayu. Saura zagaye kaɗan, Senna ya danna ta ciki a wata ƙaramar kwana mai lanƙwasa biyu, Prost ya rufe ƙofa, suka haɗu. Prost ya fita daga motarsa ya kama hanya. Senna ya sa ma'aikatan titi suka tura shi, ya bi ta hanyar gefe ya koma tsere, ya tsaya aka canja masa hancin mota, ya kamo Alessandro Nannini ya wuce shi, ya zo na ɗaya. Sai alƙalai suka soke nasarar, suka ce ya tsallake kwanar. Prost ya zama zakara. Shugaban hukumar wasan a lokacin, Jean-Marie Balestre, shi ma Bafaranshe ne, kuma Senna ya tafi da yaƙinin cewa an yi masa rashin adalci.

Ramuwar gayya, an ce, ta fi ta gayya zafi. Shekara ta zagayo, aka dawo Suzuka a 1990. Prost ya koma Ferrari. Wannan karon Senna ke gaba a maki, kuma in dukansu biyu suka kasa gama tseren, kambu nasa ne. Senna ya ci gurbin farko, ya nemi a mayar da gurbin ɓangaren titin da ya fi tsabta, inda taya ta fi kamawa. Aka ƙi. Da aka ba da alamar tashi Prost ya riga shi, suka nufi kwanar farko da gudun da ya haura kilomita 200 a awa, Senna bai ɗaga ƙafa ba. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan motocin biyu suna cikin tsakuwa, ƙura ta turnuƙe. Bayan shekara guda Senna da bakinsa ya amsa cewa ya riga ya ƙudura ba zai ba da hanya ba, ko me zai faru.

Ina ƙaunar tuƙin Senna, kuma ban ga direban da ya kai shi iya sarrafa mota a jiƙaƙƙen titi ba. Amma abin da ya yi ranar kuskure ne babba. Akwai motoci sama da ashirin a bayansu, kowacce cike da mai. Zaluncin da yake ganin an yi masa a 1989 bai ba shi ikon jefa rayukan mutane cikin haɗari ba. Kuma hukumar da ta kasa hukunta shi ta buɗe wata ƙofa. A 1994 a Adelaide ta Ostireliya, Michael Schumacher da Damon Hill suka yi karo a tseren ƙarshe, Schumacher ya ɗauki kambu da maki ɗaya. A 1997 a Jerez ta Sifaniya Schumacher ya karkato sitiyari kan Jacques Villeneuve, sai dai wannan karon shi ya ƙare a tsakuwa, kuma aka share sunansa daga teburin gasar shekarar baki ɗaya.

Ba kowace gaba ce ke zuwa da ƙiyayya ba, kada in bar ku da wannan tunanin. Lauda da James Hunt abokai ne tun suna ƙananan gasa. A ranar 1 ga Agusta 1976 motar Lauda ta kama da wuta a Nürburgring ta Jamus, ya ƙone a fuska da kai, hayaƙi ya lalata masa huhu, har aka fidda rai. Bayan mako shida ya dawo tsere a Monza da raunuka ɗanye, ya zo na huɗu. A tseren ƙarshe a Fuji aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lauda ya yi zagaye biyu, ya shigo gareji ya kashe mota, ya ce ransa ya fi kambu. Hunt ya zo na uku, ya ci gasar da maki ɗaya. Wasu sun ga tsoro a abin da Lauda ya yi. Ni jarumta nake gani, don mutumin da ya riga ya leƙa kabari ya fi kowa sanin abin da yake ajiyewa.

Mu dawo kan 'yan gida ɗaya. A 2007 McLaren ta sake gwada sa'arta. Ta ɗauko Fernando Alonso, wanda ya ci kambun 2005 da 2006, ta haɗa shi da wani sabon yaro mai shekara 22, Lewis Hamilton. Alonso ya zo da tunanin shi ne babba. Sai ya tarar karen bana shi ke maganin zomon bana. A Hungary rikicin ya fito fili, lokacin da Alonso ya daɗe a wurin canjin taya har Hamilton ya rasa damar yin zagayensa na ƙarshe na neman gurbi. Suka yi ta cinye makin juna har ƙarshen shekara. Sakamakon? Hamilton 109, Alonso 109, Kimi Räikkönen na Ferrari 110. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Hamilton da Nico Rosberg. Tun suna yara suke tseren ƙananan motoci a ƙungiya ɗaya, suna kwana ɗaki ɗaya a tafiye-tafiye. Suka girma suka haɗu a Mercedes, a daidai lokacin da motar Mercedes ta fi ta kowa nesa ba kusa ba. Ma'ana, kambu na ɗayansu ne, babu na uku. Hamilton ya ci 2014, ya ci 2015. A 2016 suka yi karo a zagayen farko a Sifaniya, duka biyu suka fita, wanda hakan ya ba wani matashi ɗan shekara 18, Max Verstappen, nasararsa ta farko. A Malesiya injin Hamilton ya kama da wuta yana kan gaba. Aka iso Abu Dhabi Rosberg na gaba da maki 12. Hamilton ya san cin tsere kawai bai ishe shi ba, sai Rosberg ya faɗo ƙasa da na uku. Sai ya yi abin da ba a saba gani ba: yana kan gaba amma ya riƙa rage gudu da gangan, don na baya su cim ma Rosberg. Ƙungiya tana ta kiransa a rediyo ya ƙara wuta, ya ƙi. Rosberg ya daure, Sebastian Vettel na manne da bayansa, har Rosberg ya zo na biyu. Rosberg ya ɗauki kambu da maki 385, Hamilton 380. Bayan kwana biyar, yana da shekara 31, ya sanar da cewa ya bar tsere. Ya samu abin da mahaifinsa Keke ya samu a 1982, amma abin da shekarar ta ci a jikinsa da zuciyarsa bai ga zai iya sake biya ba.

Sai 2021, wadda har yau in aka taɓo ta gardama ke kaurewa. Hamilton na Mercedes yana neman kambu na takwas, Verstappen na Red Bull yana neman na farko. A Silverstone suka gogi juna, Verstappen ya daki shinge da ƙarfin da ya sa aka kai shi asibiti a duba shi, Hamilton ya sha hukuncin daƙiƙa goma kuma duk da haka ya ci tseren. A Monza motar Verstappen ta hau kan ta Hamilton, ƙarfen kariyar da ke saman kan direba ne ya tare tayar. Suka iso Abu Dhabi kunnen doki, kowa da maki 369.5.

Hamilton ya ja ragamar tseren har saura zagaye biyar, sai Nicholas Latifi ya yi haɗari, aka fito da motar tsaro wadda ke tara kowa a bayanta a hankali. Verstappen ya shiga ya sa sababbin tayoyi masu laushi. Hamilton bai shiga ba, don in ya shiga zai rasa matsayinsa, kuma bisa yadda aka saba bin doka tseren zai iya ƙarewa a bayan motar tsaron. Sai daraktan tsere, Michael Masi, ya ba motoci biyar da aka riga aka bari a baya da zagaye guda, waɗanda ke tsakanin su biyun, su kawai izinin wucewa, ya bar sauran, ya kuma janye motar tsaro nan take ba tare da jiran ƙarin zagayen da doka ta tanada ba. Zagaye ɗaya ya rage, sabuwar taya da tsohuwa. Verstappen ya wuce a kwana ta biyar. Daga baya FIA, hukumar da ke kula da wasan, ta ce kuskuren ɗan Adam ne, ta sauke Masi daga muƙamin, amma sakamako ya tsaya. Ra'ayina a nan bai canja ba: Verstappen ya cancanci kambun a kan abin da ya yi tsawon shekara, Hamilton kuma shi ya cancanci tseren ranar. Wanda ya gaza shi ne mai riƙe da doka. Hamilton ya fito daga mota, ya je ya miƙa wa Verstappen hannu.

Prost da Senna fa, ina suka ƙare? Tseren ƙarshe na Prost shi ne Adelaide a 1993. Senna ya zo na ɗaya, Prost na biyu. A kan dandamalin karɓar kofi, Senna ya kamo hannun Prost ya jawo shi saman matakin da yake tsaye. Prost ya sha ba da labarin cewa bayan ya yi ritaya Senna ya riƙa kiransa a waya, suna daɗewa suna hira, har yana roƙonsa ya dawo tsere don ya rasa wanda zai auna kansa da shi. A ƙarshen makon tseren Imola na 1994, Senna yana cikin mota ana ɗaukar zagayensa don gidan talabijin ɗin Faransa da Prost ke yi wa sharhi, ya aika masa gaisuwa ta rediyo, ya ce ana kewarsa. Ranar Lahadi 1 ga Mayu, motarsa ta Williams ta kauce a kwanar Tamburello ta daki bango, ya rasu yana da shekara 34. Da aka kai shi makwancinsa a São Paulo, Prost yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar.