Na Nawa Ka Zo? Lacca Kan Gwajin Matsayi A Ilimin Ƙididdiga

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai, 'yan uwa, barkanmu da yamma.

Kowa a zauren nan ya taɓa kai sakamakon jarrabawa gida. Baba ba ya fara tambayar maki. Yana karɓar takardar sai ya ce, "Na nawa ka zo?" To, a kan wannan tambaya aka gina wani reshe guda na ilimin ƙididdiga, wanda a littattafan masu farawa ake ture shi zuwa babin ƙarshe. Zango yakan ƙare ba a kai gare shi ba, kuma abin yana damuna, domin shi ne ya fi dacewa da irin bayanan da ɗalibanmu suke tattarowa.

Gwajin t da kuka koya, wanda ake kwatanta matsakaicin rukunai biyu da shi, yana da sharaɗi. Idan bayananku kaɗan ne, yana so su fito daga jama'ar da siffarta take kamar tarin gero a masussuka: tudu a tsakiya, gefe da gefe suna sauka daidai wa daida. Tsayin mutane yakan yi kusa da haka. Kuɗin shiga kuwa ba ya yi, yawan dabbobin gida ba ya yi, kwanakin jinya a asibiti ba sa yi. Kullum akwai mutum ɗaya can nesa da kowa.

Ku dubi allo. Misali ne na ƙirƙira don darasi. A ce manoma biyar sun shuka tsohon iri, sun sami buhu 8, 9, 11, 12 da 60. Wasu biyar sun shuka sabon iri, sun sami 13, 14, 15, 16 da 17. Matsakaicin na farko 20, na biyu 15. Wanda ya tsaya nan zai ce tsohon iri ya fi. Amma ku sake kallo da kyau. Huɗu daga cikin masu tsohon iri ba su kai ko mafi ƙanƙantar masu sabon iri ba. Mai buhu 60 ne ya ɗauke sauran a kafaɗarsa. Wataƙila gonarsa fadama ce, wataƙila 16 aka so rubutawa hannu ya kuskure.

Yanzu mu jera su duka goma daga ƙarami zuwa babba, kamar 'yan aji. Mai 8 shi ne na 1, mai 9 na 2, mai 11 na 3, mai 12 na 4. Masu sabon iri suka kwashe daga na 5 zuwa na 9. Mai 60 ya zama na 10, kuma da buhu 600 ya samu, na 10 ɗin dai zai zama. Jimlar matsayin tsohon iri 20, ta sabon iri 35. Kun ga magana ta juya.

Kada ku yi gaggawa tukuna, nan ne wurin da nake so mu daɗe. Idan babu wani bambanci tsakanin irin biyu, to matsayin nan goma kamar ƙuri'a aka raba su. Hanyoyin zaɓen biyar daga cikin goma 252 ne. A cikinsu 19 ne suke ba da jimla 20 ko ƙasa da haka, wasu 19 kuma suna ba da 35 ko sama. Wato 38 cikin 252, kusan kashi 15 cikin 100, sa'a kaɗai za ta iya kawo rata irin wannan. Wannan bai isa a yanke hukunci ba a ma'aunin da aka saba, wanda yake so yiwuwar sa'a kada ta wuce kashi 5 cikin 100. Sai jimlar ta sauka zuwa 17 ko ƙasa. Abin da za ka gaya wa manoman shi ne akwai alama, amma gonaki goma sun yi kaɗan. Ku lura, ba mu yi zaton siffar komai ba, ƙirga kawai muka yi, kuma ɗan sakandare zai iya bin sawunmu da fensir.

Wannan shi ne gwajin Frank Wilcoxon, masanin sinadarai da ya yi aiki kan magungunan ƙwari a Amurka, ya wallafa shi a 1945. Mann da Whitney suka faɗaɗa shi a 1947 ya karɓi rukunai marasa daidaiton yawa. In rukunan sun kai uku, akwai na Kruskal da Wallis na 1952. In alaƙa kake nema tsakanin jeri biyu, kamar matsayin ɗalibi a lissafi da matsayinsa a Hausa, Spearman ya ba da hanya tun 1904.

Tushen ya ma girmi waɗannan. John Arbuthnot, likitan Sarauniya Anne ta Birtaniya, ya duba rajistar baftismar jarirai a Landan ta shekara 82, daga 1629 zuwa 1710. A kowace shekara maza sun fi mata yawa. Bai damu da yawan ratar ba, ya ƙirga shekarun kawai. Da abin sa'a ce tsagwaronta, kamar a wurga kwabo sau 82 ne ya riƙa faɗuwa a fuska ɗaya.

Wani ɗalibi ya tambaye ni kafin mu shigo, "Malam, ba asara ba ce a jefar da ainihin lambobin?" Akwai asara, ba zan ɓoye ba. Ratar da ke tsakanin na 1 da na 2 tana ɓacewa, ko maki ɗaya ce ko talatin. Sai dai asarar kaɗan ce. Ko a inda bayanai suka cika sharaɗin gwajin t tsaf, aikin da zai yi da mutum kamar 95, gwajin Wilcoxon zai yi shi da 100. Inda kuwa bayanan suke da masu fita zakka irin mai buhu 60, sau da yawa na Wilcoxon ne yake gaba.

Sauran abu ɗaya, kunnen doki. In mutum biyu suka yi daidai a gurbin na 3 da na 4, kowa ya ɗauki 3.5. In kunnen dokin ya yi yawa, kamar a takardar tambayoyi mai amsa biyar kacal daga "na yarda sosai" zuwa "ban yarda ba sam", lissafin yana buƙatar gyara, kuma manhajoji irin su SPSS da R suna yin gyaran da kansu. Amma kafin ku taɓa kwamfuta, ku mayar da 60 ɗin nan 16, ku sake jerawa da hannu. Za ku haɗu da kunnen doki a gurbin na 8 da na 9. Wanda ya fara samun jimla ya ɗaga hannu.