Ƙofa ta Biyu: Lacca kan Tsaron Gine-ginen da Na'ura ke Sarrafawa

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuh. Shugaban taro, malamaina da iyayena da ke zaune a gaba, injiniyoyi, 'yan kwangila da ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma godiya da kuka baro ayyukanku a wannan zafin kuka zo sauraro.

Duk wanda ya tashi a cikin birni, a Yakasai ne ko Ƙoƙi ko Gwale, ya san aikin zaure. Baƙo ba ya wuce shi sai an yi masa iso, kuma idan dare ya yi kowa a gidan ya san hannun da makulli yake. Ginin da muke yi yau a Nasarawa ko kan titin Zoo yana da geti da maigadi da waya mai ƙaya a kan katanga, amma mun buɗe masa wata ƙofa ta biyu wadda ba a gani da ido, wato layin intanet da ke haɗa na'urorinsa da wayar hannu, kuma a yawancin wuraren da na shiga babu wanda zai iya faɗa maka wa ke riƙe da makullinta. A kan wannan ƙofar zan yi magana.

Abin da ake kira gini mai sarrafa kansa shi ne ginin da fitilunsa, da na'urorin sanyaya ɗaki, da famfon da ke tura ruwa tanki, da kamarori, da makullan ƙofa, da na'urar jin hayaƙi, duk suke aika rahoto wuri guda suna kuma karɓar umarni daga can. Mu a Kano ba kwalliya ce ta kai mu ga wannan ba, lissafi ne. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, ga tsadar man dizal, ga zafin bazara da ke haura maki 40, mai otal ko mai asibiti yana son ya san ɗakin da aka bar esi a kunne babu kowa a ciki, yana kuma son gininsa ya riƙa sauyawa tsakanin wutar KEDCO da sola da janareta ba tare da an tashi wani da tsakar dare ba. Wanda kuma ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan amfanin na'urar da za ta ji hayaƙi ta buga waya. Saboda haka ban zo in hana kowa ba, ni kaina da wannan aikin nake ci.

Sauyin da aka samu a 'yan shekarun nan shi ne, da can kwamfutar da ke kula da gini tana ɗakin injiniya, sai an taka an je gabanta. Yanzu bayanan suna tafiya rumbun kamfanin da ya ƙera na'urar, a Sin ko Turai, daga can su dawo wayar maigida. Na'urorin awo sun yi arha, har an fara ɗora musu manhajojin da ke lura da ƙarar inji da zafinsa su yi hasashen lalacewarsa tun kafin ya tsaya.

Matsalar ta faro ne daga yaren da waɗannan na'urori ke magana da shi. Modbus, wanda har yau za ka same shi a inbata da mita da allon janareta, an fito da shi a 1979. BACnet, wanda manyan na'urorin sanyi ke amfani da shi, ya zama ƙa'ida a 1995. Waɗanda suka tsara su sun ɗauka cewa duk wanda ya kai ga wayar da ta haɗa na'urorin, ɗan gida ne, don haka na'urar ba ta tambayar wa ya aiko da umarni, tana jin “kashe” sai ta kashe. Sai a wajajen 2020 aka fito da sabon tsarin BACnet mai ɓoye saƙo da tantance mai aikowa. To amma wayar hannu shekara 3 ko 4 ake canza ta, babbar na'urar sanyi kuwa tana iya yin shekara 20 tana aiki, ke nan tsohon yaren zai daɗe a gine-ginenmu. Akwai kuma wani shafin bincike mai suna Shodan, da aka buɗe a 2009, wanda aikinsa shi ne zagaya intanet yana rubuta duk na'urar da ya tarar a buɗe. Ɓarawon yau ba sai ya san unguwarku ba.

Ga abin da ya faru a wasu wurare. A ƙarshen 2013 an sace bayanan katin banki kusan miliyan 40 daga kantunan Target a Amurka. Masu kutsen ba su tunkari babban kamfanin kai tsaye ba, sai suka yaudari wani ƙaramin kamfani da ke yi masa aikin na'urorin sanyi da saƙon imel, suka sace kalmar sirrin da aka ba shi. Mutane da yawa suna ba da labarin kamar ta cikin esi aka shiga, alhali hanyar da aka buɗe wa ɗan kwangilar ta aika takardun biyan kuɗi ce, sai dai ba a gina katanga tsakaninta da sauran kwamfutocin kamfanin ba. A Nuwamban 2016, a garin Lappeenranta na ƙasar Finlan, an yi wa na'urorin wasu gidaje biyu ambaliyar saƙonni, suka riƙa mutuwa suna tashi, ɗumama ɗaki da ruwan zafi suka tsaya ana tsakiyar sanyin da ruwa ke daskarewa. Ku juya hoton, ku sa ɗakin tiyata ko firjin ajiyar jini a Kano cikin watan Afrilu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ya faru a Jamus a 2021, a wani ginin ofisoshi mai amfani da tsarin KNX, wani yaren na'urorin gini. Na'urorin suna da wurin sa lambar kariya, amma masu ginin ba su sa ba, sai masu kutse suka shigo suka goge saitin, suka sa tasu lambar. Aka wayi gari fitilu da labulen tagogi ba sa jin umarnin masu su. Kwaɗon da aka sayo aka bari a rataye, shi wani ya zo ya datse.

Sai Mirai, a 2016, wadda ta fi kusa da halinmu. Manhaja ce da ke yawo tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni ke sakawa tun daga masana'anta, irin su admin da 12345. Da wannan kawai ta kame kamarori da na'urorin naɗar bidiyo dubu ɗaruruwa, aka yi amfani da su a ranar 21 ga Oktoba aka kai wa kamfanin Dyn, mai haɗa masu bincike da adireshin shafukan intanet, hari, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa a sassan Amurka. Irin waɗannan kamarorin ne a jibge a shagunanmu.

An taɓa kirana wani masauki a nan gari, ba zan faɗi sunansa ba, wai inbata tana kashe kanta. Na tambayi manaja kalmar sirrin manhajar, ya ce tana wajen wanda ya haɗa. Muka kira wanda ya haɗa, ya ce yaronsa ne ya buɗe asusun da lambar wayarsa, yaron kuma ya bar shagon tun bara. Muka duba kamarori, ciki har da ta gaban ɗakunan baƙi, muka tarar suna kan wayfai ɗaya da wanda ake ba kowane baƙo. Babu wanda ya yi mugunta a wannan labarin, laifin inbatar ma ƙura ce ta toshe fankarta, amma maigidan ya shekara biyu makullin gininsa yana aljihun mutumin da bai taɓa gani ba.

Na san dalilin da ya sa ake haka, domin cinikinmu a kan amana yake tafiya, kuma Alhaji yana jin nauyin ya ce wa wanda ya daɗe yana yi masa aiki ya miƙo kalmar sirri, kada a ce ya zarge shi. Amma ai idan magini ya gama gida, makullai yake miƙawa gaba ɗaya, ba wanda ya taɓa ɗaukar haka a matsayin zargi. A rubuta shi cikin yarjejeniya tun farko: asusu da sunan mai gini, a canza kalmar sirri ranar miƙa aiki a gabansa, a ba shi takardar da ta lissafa kowace na'ura da ke kan layin, kafin a biya cikon kuɗi. Idan ɗan kwangila zai yi gyara daga nesa, a buɗe masa na wannan ranar, in ya gama a rufe. Layin na'urorin gini kuma a raba shi da na baƙi da na akanta, wanda aikin yini guda ne ga wanda ya iya. Ingila ta haramta sayar da na'urori masu kalmar sirrin bai-ɗaya tun Afrilun 2024, mu kuwa abin da aka sauke a kwantena shi muke saye, don haka nauyin yana kanmu 'yan sana'a.

Akwai kuma doka. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana hukunta mai kutse, amma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 mai ginin take kallo, domin hoton fuska da zanen yatsa da kake tarawa a ƙofar ofis bayanan mutane ne, kai za a tambaya idan suka fita. Kalmar sirri ana canza ta, zanen yatsa kuwa ba a canzawa.

Ga ɗalibai musamman, duk abin da kuka haɗa, ku bar masa hanyar hannu. Famfo ya kasance da makunnin da maigadi zai iya murɗawa, janareta ya tashi ko intanet ta ɗauke, ƙofar fita kuma ta buɗe daga ciki idan wuta ta tashi ko da kwamfutar ta mutu, kuma ku gwada wannan da kanku ta hanyar zare wayar intanet ɗin, kada ku tsaya ga abin da takardar kamfani ta ce. Na ga shugaban taro yana duba agogo, la'asar ta gabato, don haka zan karɓi tambayoyi, mu fara da Hajiya da ta ɗaga hannu tun ina maganar kamarori.