Sharhi: Rahoton Oronsaye da Matsalar Tsari a Hukumomin Gwamnatin Tarayya

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai duba yadda ake tsara hukumomin gwamnatin tarayyar Najeriya, da dalilin da ya sa rahoton da aka fi ambata a kan wannan batu ya shafe fiye da shekara goma yana yawo daga tebur zuwa tebur.

A shekarar 2011 ne Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa kwamiti ƙarƙashin Stephen Oronsaye, tsohon shugaban ma'aikatan gwamnatin tarayya, domin ya binciki yawan hukumomi da irin kuɗin da suke lashewa. A watan Afrilun 2012 kwamitin ya miƙa rahoto mai shafi kusan 800, inda ya ƙirga hukumomi 541, ya kuma ba da shawarar a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161, ta hanyar soke 38, a haɗe 52, a mayar da 14 su zama sassa a cikin ma'aikatunsu. Daga cikin shawarwarin har da haɗe hukumomin yaƙi da cin hanci na EFCC da ICPC da Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, da kuma haɗe hukumomin nan uku masu kula da jami'o'i da kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi su zama guda.

Gwamnatin da ta kafa kwamitin ita ce ta fara yi wa rahoton riƙon sakainar kashi, domin takardar matsayar da ta fitar a 2014 ta yi watsi da galibin shawarwarin. A 2020, da farashin mai ya faɗi lokacin annobar korona, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce a waiwayi rahoton, aka kafa sababbin kwamitoci su yi nazarin aikin tsohon kwamiti, har wa'adin mulkin Buhari ya ƙare. A watan Fabrairun 2024 kuma majalisar zartarwa ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu ta amince a aiwatar da wani ɓangare nasa, ta ba kwamitin Sakataren Gwamnatin Tarayya, George Akume, makonni 12 ya kammala. An sanar cewa za a haɗe hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA da hukumar kula da 'yan gudun hijira, a haɗe Rediyon Najeriya da Muryar Najeriya, a haɗe hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta NACA da hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta NCDC. Makonnin sun wuce tuntuni, hukumomin kuwa kowace tana nan da shugabanta da allon sunanta a ƙofar ofis.

An saba a ce rashin ƙudurin siyasa ne ya jawo haka, kuma akwai gaskiya a ciki, domin kujerar shugaban hukuma da ta 'yan majalisar gudanarwarta da su ake sallamar waɗanda suka yi wahalar zaɓe. Sai dai a ganinmu wannan bayani bai isa ba. Babban giɓin shi ne, ana ɗaukar jerin sunayen hukumomin da za a haɗe a matsayin shi ne tsarin, alhali kuwa jerin sunayen farkon aiki ne kawai.

Mu ɗauki hukumomi biyu da aka ce su zama ɗaya. Kowace tana da daraktan kuɗi, da daraktan harkokin ma'aikata, da mai binciken kuɗi na cikin gida, don haka dole a yanke wanda zai zauna da wanda zai gusa, kuma bisa wace ƙa'ida. Sau da yawa tsarin albashinsu ba ɗaya ba ne, ta yadda ma'aikata biyu masu mataki ɗaya za su zauna a ofis ɗaya alhali ɗaya ya fi ɗaya ɗaukar kuɗi a ƙarshen wata, wanda kuwa ya san halin ƙungiyoyin ƙwadago ya san ba za a kwashe lafiya ba. Akwai bashin 'yan kwangila da aka gada, da ƙararrakin da ke gaban kotu da sunan tsohuwar hukuma, da gine-gine da motoci, da fayilolin fansho na mutanen da suka yi ritaya shekaru da dama. Idan ba a zauna an rubuta wanda zai ɗauki kowane ɗaya daga cikin waɗannan ba, da ranar da zai kammala, da kuɗin da za a ware masa a kasafi, to sanarwa za ta tsaya a sanarwa.

Sannan ga maganar doka, wadda ita ce ƙashin bayan lamarin. Hukumar da Majalisar Dokoki ta kafa da doka, majalisar zartarwa ba ta da ikon rushe ta da sanarwa, sai an soke dokar ko an yi mata gyara. Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ma a cikin kundin tsarin mulki take, wanda taɓa shi ke buƙatar amincewar kashi biyu bisa uku na majalisun jihohi. Duk shirin da bai zo da ƙudurorin dokarsa a hannu ba, bai shirya tafiya ba.

Akwai misalin da ya nuna abin yana yiwuwa. Dokar Masana'antar Man Fetur da aka sa wa hannu a watan Agustan 2021 ta kawo ƙarshen sashen kula da albarkatun mai na DPR da hukumar ƙayyade farashin mai ta PPPRA da asusun daidaita farashin mai na PEF, ta kafa hukumomi biyu a madadinsu, wato NUPRC mai kula da haƙar mai da NMDPRA mai kula da tacewa da rarraba shi. An daɗe ƙwarai ana jan ƙafa kafin dokar ta fito, kuma ba wanda zai ce ba a samu tangarɗa ba bayan nan, amma da yake dokar ce da kanta ta fayyace inda ma'aikata da kadarori da ayyuka za su koma, sauyin ya tabbata cikin 'yan watanni.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, ana maganar ragewa ta ƙofar gaba, ana ƙarawa ta ƙofar baya. A cikin 2024 ɗin da aka yi alkawarin haɗe hukumomi aka ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, aka kuma sa hannu a dokokin kafa hukumomin raya yankin Arewa maso Yamma da Kudu maso Gabas. Ba muna cewa waɗannan ba su da amfani ba ne. Mutumin Zamfara ko Katsina da 'yan bindiga suka raba da gonarsa yana da haƙƙin a kula da shi. Tambayar ita ce, kafin a kafa su, wa ya zauna ya tantance inda aikinsu ya tsaya da inda na NEMA da na gwamnatocin jihohi ya fara, domin kada a wayi gari hukumomi uku suna rabon shinkafa a sansani ɗaya, ba wadda ta ɗauki nauyin gyara rijiyar burtsatsen da ta lalace.

Saboda haka muna ganin akwai abu biyu da ke gaban gwamnati. Ta aika wa Majalisar Dokoki ƙudurorin soke ko gyara dokokin hukumomin da ta ambata a 2024, kowane ɗauke da bayanin makomar ma'aikata da kadarori da basussuka. Majalisar kuma, wadda mambobinta ke gabatar da ƙudurorin kafa sababbin hukumomi da makarantu a kowane zama, ta sa wa kanta sharaɗin cewa ba za ta karɓi irin wannan ƙuduri ba sai ya zo da lissafin abin da zai ci a shekara, da shaidar cewa babu wata hukumar da take yin aikin a halin yanzu.