Me ya sa ƙaramar kyamara ke cin kasuwar DSLR?

Ku dubi waɗannan kyamarori biyun. Ta dama DSLR ce, mai madubi a ciki, wadda masu ɗaukar hoto suka daɗe suna ratayawa a wuya. Ta hagu kuwa aljihun riga ma ya ishe ta. Kwanan nan ana ta musu a kan yadda ƙaramar take janye masu saye.

Madubin nan haske yake turawa zuwa idon mai ɗauka. A ƙaramar an cire shi, allo ya karɓi aikinsa, jikin kyamara ya sirance. Wannan kowa ya gane.

Inda ake ruɗewa shi ne sensa, wato faifan da ke kama haske. Da yawa sun ɗauka ƙanƙantarta a ƙaramar kyamara asara ce zalla. To ku tsaya nan. Babbar sensa tsawonta milimita 36 ne, faɗinta 24. Ta Sony RX100, wadda ta fito a 2012, milimita 13.2 ce da 8.8. Dole gilashin gaba ya watsa haske ya rufe sensa baki ɗaya, don haka idan ta ƙanƙance, shi ma sai ya ƙanƙance. Sannan ƙaramar sensa ɗan yanki take yankowa daga abin da ke gabanta, shi ya sa gajeren gilashi ke cika hoto da abin da ke can nesa.

Ga Nikon P1000 ta 2018, ita ma mai ƙaramar sensa. A ma'aunin jawo abu kusa, gilashinta bai wuce milimita 539 ba, amma yana jawo abu kamar na milimita 3000 a babbar kyamara. Ku kalli hoton farin wata, har da ramukansa! A DSLR, na milimita 800 kaɗai sai an kafa masa ƙafa uku saboda nauyi.

Akwai abin da aka rasa, ba zan ɓoye muku ba. Da dare hoton yakan yi ƙura-ƙura, kuma bayan mutum ba ya dusashewa sosai. Kamfanoni sun rage matsalar ta hanyar mayar da wayoyin sensa bayanta, haske ya riƙa isa kai tsaye. Mai aiki a wuri mai duhu, ya riƙe babbar sensarsa. Amma matafiyi, ko mai bin tsuntsaye da rana, ni dai ina ganin ƙaramar ta fi masa amfani, domin ba zai gaji da ɗaukarta ba.